Abincin Yara a Makaranta: Mu Auna Magana Kamar Yadda Muke Auna Hatsi

(Jawabin da aka gabatar a taron iyayen yara na makarantar ƙungiyarmu, a garin Lafiya)



 

Ran da sakatare ya same mu a rumfa ya ce an sa mu yin magana a kan abincin yara, ce masa muka yi ai ka yi ɓatan kai, asibiti ya kamata ka nufa. Mu ba likitoci ba ne, ba mu kuma yi boko mai zurfi ba. Iyakarmu allo da Islamiyya, daga nan sai kasuwa, yau shekara talatin da 'yan kai. Sai ya ce ai saboda kasuwar aka zo. Ya ce wata uku ke nan ana ja-in-ja a kan wannan magana, wannan ya tashi ya faɗi tasa a tafa masa, wancan ya tashi ya faɗi kishiyarta shi ma a tafa masa, kuma masu tafin su ne dai mutanen ɗazu. Don haka ana son wanda ya san yadda ake sayar da kaya ya zo ya faɗi yadda ake sayar da magana. To, wannan kam mun ɗan sani.

Ga wanda bai halarci zaman baya ba, ga abin da ke ƙasa. Wani ɗan kwangila ya zo ya nemi a ba shi ciyar da 'ya'yanmu a lokacin tara: biskit da lemon kwali kullum, ran Juma'a a ƙara da taliyar leda da rabin ƙwai, a kan naira 300 kowane yaro a rana. Sharaɗinsa guda ne, a kori matan da ke sayar da ƙosai da awara da ɗanwake a bakin ƙofa. Wasu daga cikinmu sun ce a ba shi. Wasu sun ce sam, a bar matan nan su ci abincinsu. Akwai kuma masu cewa kada a taɓa aljihun kowa, a jira gwamnati.

Kafin mu ce komai, bari mu tona asirin kanmu. Mu da ke tsaye a gabanku wake da shinkafa muke sayarwa. In aka ce a dafa abinci a makaranta, ba mamaki a wurinmu ko a wurin maƙwabtanmu za a auna, mu ci riba. Mai biskit ya ci kwangila, mu mun yi asara. Saboda haka duk abin da za mu faɗa ku ɗora wannan a kan ma'auni, kada ku saya don furfurar da ke gemunmu. Haka kuma muke roƙo ku riƙa yi wa duk wanda ya miƙe a irin wannan taro. Tambayar me mutum zai samu ba zagi ba ne. Dillali ma ana sanin la'adarsa kafin a saurari yabon da yake yi wa saniya.

Mu fara da kuɗi, tunda nan ne muka fi wayo. A kasuwa, in kana son abu ya yi girma a kunne sai ka tara shi wuri ɗaya, in kana son ya ƙanƙance sai ka yayyanka shi. Bawan Allah nan ya ce mana, naira 300 ce kacal, ko kuɗin acaɓa zuwa Shabu ba ta kai ba. Da ya faɗi haka kowa ya gyaɗa kai. Amma babu wanda ake karɓar kuɗin makaranta a hannunsa rana-rana. Kwana biyar a mako, mako 13 a zango, kwana 65 ke nan. A buga 300 sau 65, naira 19,500 ce a kan yaro ɗaya. Mai 'ya'ya biyar a makarantar nan, kuma muna da su da yawa, zai biya naira 97,500 a zango guda, ban da kuɗin makaranta da littafi da yunifom. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Bai yi mana ƙarya ba, 300 ɗin ce. Yanka ta ya yi yadda za ta wuce a maƙogwaro.

Gwamnati kuwa ta ɗaya hannun take yi. Lokacin da gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare a 2016, muna jin rediyo ana ta ambaton biliyoyi, daga baya aka ce yara sama da miliyan 9 ake ciyarwa. Wanda ya ji wannan sai ya ɗauka tuwo da nama ake zubawa. Raba shi ka gani: naira 70 ce a kan kowane yaro a rana, aji ɗaya zuwa aji uku, a makarantun gwamnati kaɗai. A cikin saba'in ɗin nan mai dafawa za ta sayi hatsi, ta sayi mai da itace da kayan miya, ta biya kuɗin mota, ta kuma fitar da ladan wahalarta. A 2022 aka ce an mai da ita naira 100. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa a nan ya san inda farashi ya nufa, a 2024 ƙwai ɗaya ya fi ƙarfin naira ɗarin nan gaba ɗayanta. A watan Janairun 2024 kuma Shugaba Tinubu ya dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi domin a yi bincike. Masu cewa a jira gwamnati, Allah ya ba ku haƙuri, ko a lokacin da abin ke tafiya sosai bai shafi makaranta irin tamu ba, domin tamu ta al'umma ce.

Sai dai kada jin haka ya sa mu faɗa ɗaya ramin. Akwai masu cewa duk maganar ciyarwa sata ce, kuma kullum hujjarsu guda ce: a 2020, lokacin kullen korona, makarantu na rufe ma'aikatar jinƙai ta ce ta kashe sama da naira miliyan 500 wajen kai abincin yara gidaje a Abuja da Legas da Ogun. Jama'a sun yi ta surutu a kai, kuma suna da dalilin tambaya. Amma ɗaukar buhu ɗaya mai ƙwari a ce duk wake ya lalace, wannan ma dabara ce, mun san masu yin ta in suna son karya farashi. A 2005, zamanin Obasanjo, an gwada irin wannan shiri a jihohi 12 da Abuja, har da Nasarawa tamu lokacin Gwamna Abdullahi Adamu. Galibin jihohin sun watsar, amma Osun ta riƙe nata shekara da shekaru. Kwankwaso ya ciyar da 'yan firamare a Kano. A Kaduna, da El-Rufa'i ya fara a Janairun 2016, azuzuwa suka cika maƙil, gwamnati ta yi ta nuna yawan yaran da suka shigo, jaridu kuma suka yi ta ba da labarin yaran da ke cin abincin su sa kwano a hammata su kama hanyar gida. Duka biyun sun faru. Mai son shirin zai ba ka rabin farko, mai ƙinsa ya ba ka rabin ƙarshe, kowa ya nuna maka saman buhu.

To, mu zo kan suna, domin nan ne aka fi cin mu da yaƙi. A takardar da ɗan kwangilar nan ya raba mana, mun ƙirga, kalmar "mai gina jiki" ta fito sau bakwai. Jama'a, wace hukuma ce ke hana mutum ya kira kayansa mai gina jiki? Mu ma in mai saye ya zo, shinkafar da aka casa a Assakio mukan ce masa 'yar gwamnati ce ta ji kunya. Suna kyauta ne, ba a biyan haraji a kansa.

Ya nuna mana tambarin ido da harafin A a jikin kaya, ya ce nasa an ƙara masa bitamin A mai gyara ido. Gaskiya ne an ƙara. Abin da bai faɗa ba shi ne tun 2002 doka ta wajabta wa kamfanonin fulawa da sukari da man girki a Nijeriya su sa wannan bitamin, kamar yadda aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri tun 1993 saboda maƙoƙo. Ashe fulawar da matan bakin ƙofa ke yin fanke da ita ma tana da shi. Mutum ya bi doka ya zo yana neman tukuici. Kamar mai awo ne ya ce a ƙara masa kuɗi don mudunsa ba a buge gindinsa ba. Manja kuwa, da gwanda, da mangwaron da ke zuba yana ruɓewa a garin nan duk bazara, da ganyen zogale, suna ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A ba tare da wani tambari ba.

Ya kuma ɗaga kwalin ya ce ga lambar NAFDAC. Madalla, muna son lambar, kayan da ba su da ita ma kada su shigo mana makaranta. Amma lambar nan shaida ce cewa an yi wa kaya rajista, an duba ba za su cutar ba in aka ci yadda aka tsara. Alawa ma tana da ita. Ba shaida ba ce cewa yaron da ya fito gida da ruwan koko tun ƙarfe bakwai zai ci abin ya riƙe shi har azahar.

Wani ɗanmu da ke karatu a jami'ar tarayya ta nan Lafiya ya koya mana wani abu, muna so kowa ya tafi da shi. A bayan kowace leda ko kwali akwai jerin abubuwan da aka haɗa, kuma ƙa'ida ce a fara rubuta wanda ya fi yawa, a bi da mai bi masa. Muka juya kwalin lemon nan mai hoton lemo da abarba, ɗan namu ya karanta mana: ruwa ne farko, sukari na biye, 'ya'yan itacen suna can ƙasa kusa da kala da ƙamshi. Ya ce in ka ga an rubuta sukari giram 10 a kowane mililita 100, to kwalin mililita 200 yana da giram 20, wato cokalin shayi biyar. Iyayenmu mata, wace ce a cikinku za ta zuba wa yaro sukari cokali biyar a ƙaramin kofi ta ce ta ba shi abinci? Hoton da ke gaban kwali mai talla ne ya zana shi, rubutun da ke baya doka ce ta tilasta shi. Na bayan ake karantawa.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka don an raina iliminmu. A Amurka, a 1981, zamanin Shugaba Reagan, da aka rage kuɗin abincin makarantu, ma'aikatar gona ta kawo shawarar da za ta ba da damar a lissafa ɗan abin ɗanɗanon da ake shafa wa abinci, irin tumatirin kwalba mai zaƙi, a matsayin kayan lambu. Mutane suka yi ca, aka janye. A 2011 kuma majalisarsu ta bari a ci gaba da ƙirga ɗan tumatirin da ake shafawa a kan wata gurasa tasu mai cuku a matsayin kason kayan lambun yaro. Abincin yana nan yadda yake, suna kawai aka sauya masa, a takarda sai a ga yara na cin ganye. Su da suke da digiri ke nan.

Sa'an nan rigar. Kun tuna matashiyar da ya zo da ita sanye da farar riga, tana ta cewa likitoci sun tabbatar, bincike ya nuna? Wani dattijo a nan, Allah ya ƙara masa lafiya, ya tambaye ta a wane asibiti take aiki, sai ta ce ita ma'aikaciyar sashen talla ce. Farar riga a kasuwa ake sayar da ita, yadi uku ya isa. Wannan ma tsohuwar dabara ce. A shekarun 1970 an yi ta ƙorafin kamfanonin madarar jarirai suna sa wa 'yan talla kayan nas suna bin masu jego a ƙasashe irin namu, har a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da ƙa'idojin da suka taƙaita tallar madarar. In aka ce maka likita ya ce, ka ce wane likita, a ina, wa ya biya shi. A Islamiyya ma ba a karɓar "an ce", sai an san wanda ya ce da wanda ya ji daga bakinsa.

Ya ce mana duk manyan makarantun garin nan sun karɓa, mu kaɗai muka rage. Da aka ce ya ambaci uku, ya ambaci ɗaya, ita ma da aka bincika mako biyu suka yi suka daina. A zaman nan kuma akwai mutum biyu da suka fi kowa tafi, suna cewa wallahi araha ce, a yi maza kada ya fasa. Ba mu zargi kowa ba, amma babu wanda ya san ɗansu a makarantar nan. Malamanmu sun karantar da mu a babin ciniki cewa akwai abin da ake kira najashi, wato a sa wanda ba saye zai yi ba ya riƙa ƙara tayi don ya ruɗi mai saye na gaskiya, kuma shari'a ta hana. A kara ana yi, a tashar doya ana yi, a zauren taro ma ana yi. Da wannan da cewar farashin na wannan mako ne kawai, duk abu ɗaya ake nema, kada ka samu daren da za ka kwana da maganar. Katan biyu na biskit da ya raba wa yara kyauta ranar, har suka koma gida suna yi wa iyaye kuka, wannan ba sai mun yi bayani ba, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya fi kama zukatan mutane dai shi ne hoton bidiyon da ya nuna a waya, ƙudaje sun rufe tiren abinci, ga kwata a gefe, sai kuma yaro kwance ana ƙara masa ruwa. Mun ga iyaye mata suna share hawaye. Ba a bakin ƙofarmu aka ɗauki hoton nan ba, ba ma a Lafiya ba ne, kuma babu abin da ya nuna yaron abincin tiren ya ci. An jera hotuna biyu ne aka bar zuciyarka ta ɗinke su. Tsoro kuwa in ya shiga, lissafi fita yake yi.

Amma fa mu yi adalci, tsoron yana da tushe. Amai da gudawa gaskiya ne, duk damina muna jin labarinsa. A Indiya, a jihar Bihar, a watan Yulin 2013, yara 23 suka mutu bayan cin abincin makaranta da maganin ƙwari ya gurɓata. Dabarar da ta fi haɗari ita ce wadda aka gina a kan gaskiya, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu Hausawa mun ɗanɗana wannan. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, yara suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Wannan ya faru. Sai a 2003 aka hau kan wannan ciwo aka ce allurar shan inna tana hana haihuwa, Kano ta dakatar da rigakafi kusan shekara guda, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a wannan tsakani, ga su nan sun girma, muna ganinsu a kan kekunan guragu. Mun kawo wannan ne domin a makon jiya mun ji wani daga ɓangarenmu, masu ƙin kwangila, yana raɗa wa mutane wai an sa maganin hana haihuwa a biskit ɗin. Ɗan uwa, ka ji tsoron Allah. Muna ƙin biskit ɗin nan don ba ya ƙosarwa kuma ya yi tsada. Wannan ya isa, ba ma bukatar ƙarya ta taya mu.

Tunda mun shigo gida, bari mu ƙarasa shara. Masu kare matan bakin ƙofa sun ce abincin iyaye da kakanni ne, da shi muka girma ga mu garau. Mu da muka rayu ne ke wannan magana. Waɗanda muka taso tare suka rasu suna ƙanana ba su zo taron ba balle su ba da tasu shaidar. Wake da hatsi in suka haɗu abinci ne sosai, wannan masana sun yarda, ɗanwake da mai da ɗan ganye ya fi biskit nesa ba kusa ba. Amma awarar da aka soya da man da ya kwana huɗu a kasko har ya yi baƙi, da zoɓon da aka dama da ruwan da ba a san rijiyarsa ba aka ɗura a robar da aka tsinto, aka kuma zuba masa sukari ya fi na kwalin, waɗannan kakanninmu ba su san su ba.

An kuma ce marayu gare su, in an kore su ina za su? Wannan magana ta taɓa mu ƙwarai, domin biyu daga cikin matan nan mazansu abokan kasuwancinmu ne, mu muka yi musu sutura. Haƙƙinsu yana wuyanmu. Amma tausayin mai sayarwa ba ya wanke kwano. Tambayar me za mu yi wa matan nan daban, tambayar me ke shiga cikin 'ya'yanmu daban, kowace tana son amsarta. Wanda ya cusa ɗaya cikin ɗaya don ka ji kunyar tambaya, ya yi maka dabara ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Akwai wadda ta fi waɗannan muni. Da aka ce ma'aikatan ɗan kwangilar ba Hausawa ba ne, sai muka ji ana cewa ai ba namu ba ne, wa ya san abin da za su ba 'ya'yanmu. Jama'a, a yi hattara. Iyayen wasunmu jirgin ƙasa ne ya sauke su a garin nan, wasu fatauci ya kawo su tun kafin a ƙirƙiro jihar a 1996, Lafiyar Bare-bari ta karɓe mu. Doyar da muke ci daga gonar Eggon da Tibi da Migili take fitowa, shinkafa da riɗi daga ƙasar Alago, gishirin Keana da Awe kakanninmu sun yi fataucinsa. Shekara nawa muna ci daga hannunsu? In maganar yanka ce, tambaya ce mai kyau, a yi ta a fili: wa ya yanka, a wace mahauta? Amsa ɗaya ta wadatar. Amma a bar abinci a koma kan ƙabila, wannan wuta ce, kuma mu da muke da rumfuna a tsakiyar kasuwa mun fi kowa sanin abin da wuta ke ci. Ranar da wani zai miƙe a wani taron ya ce kada a sayi naman Bahaushe don ba nasu ba ne, da wane baki za mu yi magana?

Duk ɓangarorin biyu sun taru a kan abu guda, sun nuna mana kamar ƙofa biyu ce kawai. Shi ya ce ko biskit mai tsabta ko kwalara. Namu sun ce ko a bar komai yadda yake ko a kashe marayu da yunwa. Mai kanti in ya ce maka fari za ka ɗauka ko shuɗi, ya riga ya tsallake tambayar ko kana son yadin ma. A Indiyar nan da muka ambata, kotun ƙoli ta ba da umarni a 2001 a riƙa ba 'yan firamare dafaffen abinci, daga baya masu kamfanonin biskit suka bi ta hannun 'yan majalisa suna neman a musanya shi da biskit, ba a yarda ba, aka ci gaba da dafawa ana gyaran tsabta. A Burazil dokar 2009 ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta a sayi kaya da shi daga ƙananan manoma. Mu da muke zaune a tsakiyar doya da wake da gyaɗa da agushi, a ce sai an ɗauko wa 'ya'yanmu fulawa a leda daga Legas?

Ga abin da muke gani, kuma ku tuna mun gaya muku wake muke sayarwa. A shigo da matan nan cikin harabar makaranta, a yi musu rumfa, a ajiye randa mai famfo da sabulu, ruwan dama zoɓo ya zama na burtsatsen makaranta, abinci a rufe, mai kada ya wuce kwana biyu a kasko. Iyaye mata biyu su riƙa zagayawa bi da bi, ba tare da an sanar da ranar zuwansu ba. Wadda ta ƙi gyarawa bayan gargaɗi biyu a sallame ta, ko 'yar wa ce. Shi ma ɗan kwangila kada a kore shi da baki. In ya yarda, a ba shi aji ɗaya na mako biyu, a ba matan aji ɗaya, a kan kuɗi daidai wa daida. Malaman aji su rubuta mana yara nawa suka cinye, nawa suka zubar, nawa ke hamma da kuka kafin ƙarfe ɗaya. Kada mu yi cinikin biri a sama. In nasa ya fi, mu da bakinmu za mu miƙe a nan mu faɗa. Domin cire zargi kuma, a wannan gwaji kada a auni ko gwangwani ɗaya a rumfarmu.

Saura magana ɗaya da babu wanda ya tayar a zama uku da aka yi, mu ma sai da hedimasta ya ja mu gefe muka sani. Akwai yaran da ko an tashi tara ba sa fita, suna zama a aji su kifa kai a benci, domin ba a ba su ko sisi daga gida. Biskit na 300 bai shafe su ba, ɗanwaken 100 ma bai shafe su ba. Mun roƙi hedimasta ya rubuto yawansu, ban da sunaye, ya miƙa wa ma'aji kafin zama mai zuwa, a ga abin da asusun ƙungiya zai iya ɗauka da abin da 'yan kasuwa za mu ƙara. Masu son shiga kwamitin zagaye kuma, musamman iyaye mata, su ba sakatare sunayensu kafin a tashi.

Shugaba, mun ci lokaci, a gafarce mu. Wanda maganarmu ta taɓa ya yafe mana.